Hattara da masu tallan man kifi da sunan wanke kitsen jini

Jama'a, a yi hattara da masu yawo a tashoshin mota, ma'aikatu da zaurukan WhatsApp suna sayar da kafson man kifi, wato Omega-3, wai yana narkar da kitsen jini cikin wata guda. Salonsu kusan ɗaya ne. Za su miƙa maka wani ɗan ƙarfe ka damƙe, su jona shi da kwamfuta, kafin minti biyu a ce jijiyoyinka sun toshe. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba a sanin yawan kitsen jini sai an ɗebi jini an gwada shi.

Wasu har fasa kafson suke yi, su ɗiga man a kan farin soson nan da ake tare sabuwar talabijin da shi a kwali. Soson ya lotse a gabanka, a ce haka zai yi wa kitsen jikinka. Wani nau'in man kifin da aka sarrafa dama yana cin wannan soso, abin bai da alaƙa da jijiyar mutum.

Ba wai man kifi ba shi da amfani ba. Sinadaransa biyu, EPA da DHA, suna rage kitsen da likitoci ke kira tiraigilisarayid, amma sai an sha giram 2 zuwa 4 a kullum bisa umarnin likita. Yawancin kafson kasuwa mai miligiram 1000, abin da ke cikinsa na waɗannan sinadarai bai wuce miligiram 300 ba. Juya kwalbar ka karanta da idonka. Shi kuwa mugun kolestarol, wato nau'in kitsen jinin da ake kira LDL, man kifi ba ya sauke shi, wani lokaci ma ɗaga shi yake yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda suke ce wa dattawa su ajiye maganin asibiti, wai "na Bature guba ne". Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya bar ƙwayar statin ɗinsa, wato maganin rage kolestarol, saboda wannan zance, ya kusantar da kansa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shan maganin tsinka jini irin su aspirin ko warfarin kuma, haɗa su da man kifi mai yawa na iya ƙara masa haɗarin zubar jini.

Idan an riga an saya wa Baba ko Inna, a duba lambar NAFDAC a Greenbook, manhajar hukumar ta tantance magunguna masu rajista, a fasa kafso ɗaya a shinshina. In yana warin ruɓaɓɓen kifi, zafin rana ya lalata shi, a zubar. A kai kwalbar wa likita ya gani, kuma kada a dakatar da maganin da ya rubuta.