Wace madara za mu saya ma tsoffinmu a Maraɗi?

Jama'a, in Baba ko Inna sun haura sittin, lahiyarsu lau amma ka lura nama na raguwa a damtse, tashi daga tabarma sai da dafa bango, madara na cikin abin da ke taimakawa. Kofi guda na mililita 250 na ɗauke da furotin wajen giram 8 da kalsiyam kusan miligiram 300, su ke riƙe tsoka da ƙashi. A Ostareliya an yi bincike a gidajen kula da tsoffi 60, ya hito a 2021, da aka ƙara musu madara da yawur da cuku kullum karayar ƙugu ta ragu da kashi 46 cikin 100. To amma wacce za ka saya?

Ni dai kindirmo na sa a gaba. Tsoffinmu sun saba da shi cikin hura, ba sai ka yi ta lallashi ba, kuma wanda madarar ruwa ke sa ma kumburin ciki da zawo yawanci kindirmo bai damunshi, don kwanan da ya yi ya rage sukarin madarar da ke wahal da ciki. Sharaɗi guda ne, a tahasa nonon kahin a kwantar da shi, ɗanyen nono na iya ɗauko tarin huka na shanu da wani zazzaɓi mai naci, tsoho kuma bai da ƙarhin wannan jinyar. Ka nemi mai nono guda wadda ka yarda da tsabtarta ka riƙe ta, ka duba ƙwaryar, in ludayi ya ɗago shi tsararo kamar ruwan wanki to an ƙara mishi ruwa.

Madarar gari nan ne ake ruɗuwa. Akwai cikakka irin su Nido, akwai wadda aka cire man shanunta aka zuba man itace, ita ce mai arha da ake aunawa daga buhu a leda. Juya bayan gwangwanin, in ka ga "matière grasse végétale" to ita ce, sai ka duba furotin nawa ne a giram 100, cikakka tana kai wajen 24 zuwa sama. Kuma don Allah kar a ɗan barbaɗa a shayi a ce Baba ya sha madara, kofi guda na son wajen giram 30.

Ta gwangwani mai kauri mai zaƙi kam barta, kusan rabinta sukari ne. Ta kwali tana da kyau amma da ka buɗe sai firigo, ga zahin Maraɗi ga ɗaukewar wuta.

Mai ciwon sukari ko na ƙoda a tambayi likita tukun. In kuma Inna na shan maganin kashe ƙwayoyin cuta cipro ko doxycycline, a bar aƙalla awa biyu tsakanin maganin da madarar, don kalsiyam na hana shi shiga jiki yadda ya kamata.