Injin yankan ciyawa: gyara ko maidawa?

Satin da ya wuce na sayi injin yankan ciyawa a wani shago da ke Ahmadu Bello Way, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa ɗin nan mai shan fetur gauraye da baƙin mai, saboda tunda damina ta kankama ciyawar gonarmu ta wajen Wamakko ta kai gwiwa. Kuskurena ban buɗe kwalin a gabansu ba, sauri nike. Ko da munka isa gida Arkilla na zuba mai sai na ga yana ɗiga ƙasa, ashe tankin ya tsage ta gindi, tsaga kamar zare, sai ka haska da tocilan ka gan ta.

Ƙanena ya ce yaya mu kai ma mai gyaran janareta ya liƙe da gam kawai a wuce wurin. Na so in yarda wallahi don zuwa cikin gari da ranar Sakkwato ba wasa ba, amma fetur cin gam yake, kuma da bakanike ya kwance noti ɗaya shi ke nan garanti ya tashi.

Sai na koma da rasit. Yaron shagon ya fara cewa ai wurina ya fashe, mai shagon dai ya duba ya ce Alhaji yi haƙuri, amma kuɗi ba su maidawa sai canji. Kwana 4 na jira. Wannan karon nan bakin shagon na sa anka tada shi kafin in ɗauka.