Gargaɗi ga masu garmaho a Bauchi game da wani mai gyaran bogi

Ina jan hankalin duk wanda ke da garmaho a Bauchi da kewaye game da wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da zaurukan WhatsApp a matsayin ƙwararren mai gyara. Ba zan ambaci sunansa ba, domin sunan da yake amfani da shi a shafinsa daban, wanda ke jikin asusun bankin da na tura wa kuɗi kuma daban.

Garmahon da na gada daga mahaifina, ƙirar Technics, ya fara ba da sauti a lasifikar hagu kawai bayan damina, ta dama kuwa ta yi tsit. Mutumin ya zo har gida, ya ɗora faifai ɗaya, ko murfin ƙasa bai kwance ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, kan allurar nan ya ƙone." Ya ce yana da sabon kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allurar, ƙirar Shure, da ya iso masa daga kamfani a watan nan, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya tafi da na'urar. Daga baya na gane cewa kamfanin Shure ya daina ƙera kan allura tun shekarar 2018, kuma ainihin Shure ɗin shi ne tsohon da ke jikin garmahona, wanda ya kwance ya tafi da shi ya maye gurbinsa da wani na roba marar suna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ya rufe aibin. Tsagin faifan sitiriyo bango biyu gare shi, kowanne na ɗauke da sautin ɓangare guda, shi ya sa wayoyi huɗu sirara suke fita daga bayan kan allura: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Ja ɗin ce ta tsinke a ƙarƙashin hannun garmahon. Maimakon ya haɗa ta, sai ya ɗiga dalma ya gama farar da mafitar dama, lasifika biyu suka riƙa maimaita sautin hagu. A ranar da ya dawo da garmahon na yi ta godiya har da ƙara masa kuɗin mashin. Sai bayan mako guda, da na ɗora wani faifai da na haddace tun ina yaro, na ji kayan kiɗan da ke fitowa ta dama sun dusashe kamar ana kaɗa su a gidan maƙwabta. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya buɗe ƙasan, ya nuna mini ɗigon dalmar da tsinin sukudireba, da jar wayar tana reto ba ta taɓa komai ba.

Binciken da ya kamata na yi tun farko ba ya cin ko sisi. A fara duba maɓallin daidaita hagu da dama na amfilifaya, domin yara kan murɗa shi. Daga nan a kashe wuta, a musanya filogi biyu na garmahon, ja da fari, a bayan amfilifaya. Idan shirun ya koma ɗaya lasifikar, matsalar tana garmahon ko wayarsa. Idan ya tsaya inda yake, to amfilifaya ce ko lasifika ko wayarta, kuma babu dalilin taɓa allura. Idan garmahon ne, a duba ko wata cikin wayoyin huɗu ta saki, sannan a kwance mariƙin kan allura a goge ƙananan ƙarafan haɗinsa da auduga da ɗan sifirit, saboda ƙurar hunturu da laimar damina suna sa su dattin da ke tare sauti. A ganina a nan galibin irin wannan matsala take ƙarewa. Kan allura yana iya mutuwa ta ɓangare guda, amma mitar auna lantarki ce ke tabbatar da haka.

Wanda kuma ya riga ya ba mutumin nan aiki, ya sa a ɗora mita a kan tsinin tsakiya na filogi biyun; idan ta nuna a haɗe suke kai tsaye, an yi masa irin abin da aka yi mini. Kafin na'ura ta bar gida a ɗauki hoton kan allurar da rubutun jikinsa, kuma a buƙaci a dawo da tsohon a hannu. Shagon da ya ce yana da shi kusa da kasuwar Wunti na je nema sau biyu, masu shagunan layin sun ce ba su san shi ba, lambarsa kuma a kashe take tun ranar da na tambaye shi tsohon kan allurata.