Tsakanin 17-50 f/2.8 da 18-200, ɗauki mai lamba ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Cikin gilasan kyamara biyun da ka turo mana hotonsu, wato 17-50mm f/2.8 da mai shago ya ce maka "fikis afaca" ne, da kuma 18-200mm f/3.5-6.3, ɗauki na farkon. Duka biyun sun ratsa ta hannuna. Ɗaya yana cikin jakata yanzu haka, ɗayan kuwa na rabu da shi da faɗuwa, kuma ban yi kewarsa ba.

Kada kalmar ta ruɗe ka. Afaca ita ce ƙofar da haske yake bi ya shiga kyamara, lambar da ke gaban f kuma ita ce ma'auninta, sai dai a juye take: ƙaramar lamba ƙofa ce babba, babbar lamba ƙofa ce tsukakkiya. Jerin yana tafiya 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk hawa ɗaya da ka yi, rabin hasken ya tafi. To dubi rubutun da ke bakin gilashin. Idan ka ga lamba ɗaya tal, 1:2.8, yana nufin ko kana kan 17mm ka kwaso tsakar gida gaba ɗaya, ko ka murza zuwa 50mm ka jawo fuskar ango, ƙofar tana iya zama a 2.8 ɗinta, ba ta raguwa. Idan kuwa lamba biyu ce da ɗan layi a tsakani, 1:3.5-6.3, to 3.5 ɗin ta kan 18mm ce kawai. Kana murzawa tana tsukewa da kanta ba tare da ta yi shawara da kai ba, kafin ka kai 200mm ta koma 6.3, hasken da ya rage maka bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ka fara da shi ba. Idan aka gwada da 2.8 kuwa, wajen kashi ɗaya cikin biyar ne.

Wani abu da yara masu koyo suke yawan tambayata: ashe kenan a ƙulle take a 2.8? A'a. Iyakar buɗewarta ce ba ta canzawa. Kana da damar tsuke ta zuwa 5.6 ko 8 duk sanda ka so, kuma ma dole ka yi hakan idan dangi suka jeru sahu uku a ƙofar gida, in ba haka ba 'yan sahun gaba su fito tas, na baya su yi dishi-dishi, gwaggon amarya ta ƙi biyan kuɗin hotonta. Waɗanda ƙofarsu take a ƙulle da gaske su ne yawancin kyamarorin waya, da irin dogon gilashin nan mai madubi a ciki, 500mm f/8. Ba su ake nufi a shago ba.

Bari in gaya maka daren da nawa ya biya kuɗinsa. Walimar saukar Alƙur'ani ce a wani ƙauye ta wajen Ringim. An ce mini bayan la'asar, ka san lokacinmu, ba a zauna ba sai da aka idar da magariba. Zaure ne na ƙasa, ƙwan sola guda ɗaya a rataye jikin azara, mutane maƙil. Na ɗora filasha kenan sai babban ɗan gidan ya riƙe mini hannu, ya ce kakan yaron bai daɗe da yin aikin ido ba, kada in haska masa wuta. Sai na cire, na buɗe 2.8, na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, na bar saurin ɗauka a 1/60 na daƙiƙa. Daga bakin ƙofa na kwaso zauren da 17, yaro ya ɗauko allonsa mai zayyana ya fara karatu, sai na hango tsohon yana goge ido da bakin rawaninsa. Na murza zuwa 50 ban taɓa komai ba, na danna. Hasken bai motsa ba. Hoton nan sun sa an wanke shi babba, yana rataye a zauren har yau, kuma ta dalilinsa duk wani suna da biki na zuriyar ni ake kira. Da ƙaramin gilashin da ke zuwa tare da kyamara ne a hannuna, 18-55mm f/3.5-5.6, a ƙarshensa 5.6 zai ba ni, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken. Sai dai in sauko 1/15 hannun tsohon ya zama inuwa, ko in hau ISO 6400 hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

A bidiyo abin ya fi fitowa fili. Kana ɗaukar kamu, ka jawo fuskar amarya da mai lamba biyu, hoton ya dusashe a gaban idon mai kallo, ka koma baya ya washe. Masu biki ba su san sunan matsalar ba, amma sun san cewa "na wancan yaron ya fi haske".

Shi 18-200 ɗin, ba zan ci haƙƙinsa ba, ranar hawan sallah da rana tsaka ya jawo mini mahaya daga nesa. Shi kenan abin da zan iya tuna masa.

Za ka ce don me ba a yi mai nisa irinsa da 2.8 ba. An yi, akwai 70-200mm f/2.8, amma lissafin ne yake sa shi tsada. Lambar f tana fitowa ne idan aka raba tsawon gilashin, wato lambar mm ɗin nan, da faɗin ƙofar. A 200mm, kafin a samu 2.8 sai ƙofar ta kai wajen milimita 71, alhali 6.3 milimita 32 ta ishe ta. Shi ya sa wancan yake kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ba na wanda ya fara jiya ba ne. Shi 17-50 gajere ne, don haka kamfanoni irin su Tamron da Sigma suka iya yin sa a farashin da irinmu za mu iya taɓawa, musamman na hannu. Ya fi na cikin kwali nauyi, wuyanka zai gaya maka bayan yinin biki, kuma ba zai jawo maka abin da ke can ƙarshen fili ba. Sai ka taka da ƙafarka. A ɗaki da zaure da tsakar gida, inda kusan duk abincinmu yake, babu inda 50 ba ta kaiwa.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, saboda ni an taɓa yi mini. Wani mai shago a birni ya rantse mini cewa gilashi "tu-foyin-et" ne, na dawo gida na duba da kyau na ga 2.8-4 a rubuce. Lambar farko ya karanta mini ya haɗiye ta biyun. Irin 17-70mm f/2.8-4 gilashi ne mai kyau, amma ƙofarsa tana tsukewa, kada a sayar maka da shi a matsayin wanda ba ya canzawa. Wasu kuma sai su miƙo maka 50mm f/1.8 su ce ai shi ma fikis ne. Wannan tsawonsa ne ba ya canzawa, ba a murza shi sam. Yana da kyau ƙwarai a duhu, har ya fi 2.8 shan haske, amma a ɗakin amarya sai ka manne da bango kafin mutum uku su shiga hoto.

Saboda haka kada ka tura kuɗi ta waya a ce za a ba direba ya kawo maka. Ka shiga mota ka je da kyamararka. Ka ɗaura gilashin, ka sa ta a Av in Canon ce, ko A in Nikon ce, wato inda kai ne kake zaɓar afaca, ka buɗe ƙofar iyakarta, sannan ka murza daga farko har ƙarshe idonka yana kan lambar. In ta motsa daga 2.8, ajiye musu kayansu. Ka cire shi ka haska tocilar wayarka ta ciki: 'yar ƙura ba komai ba ce, duk gilashin da ya sha hunturun ƙasar nan yana da ita, amma in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, kada ka yarda da "gogewa kawai za a yi". Ka duba ƙananan sukurorin baya, in kansu ya cinye to an taɓa buɗe shi. Sannan ka ɗauki hoton wata takarda mai rubutu a 2.8 ka faɗaɗa shi a nan cikin shagon, ka ga ko rubutun ya fito a tsakiya da gefe.

In kuma Nikon kake riƙe da ita irin su D3200 ko D5100, akwai ƙarin abin lura. Waɗannan ba su da injin juya fokas a jikinsu, kuma wasu tsofaffin 17-50 na Tamron su ma babu shi a ciki, to idan suka haɗu sai dai ka riƙa saita fokas da hannu. Ka danna rabin maɓalli a gaban mai shagon ka ji ya juya da kansa kafin ka zaro ko sisi. Turo mana lambar kyamarar taka in gaya maka wanda zai hau kanta.