Shekara ɗaya da rabi a Abuja saboda Khalifa: yadda na ga cibiyar da yake zuwa

Mutane sun dame ni da tambaya wai kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa, mun tattaro komatsanmu daga Gusau mun dawo Kubwa saboda yaro ɗaya, toh bari in faɗi abin da na gani. Sunan cibiyar da ke ba ɗana Khalifa horon masu otizim kam ba zan kama ba don akwai ƙorafi a ciki, tana dai ɓangaren Gwarinpa.

Khalifa yana da shekara uku ba ya magana, ka kira sunansa sau goma ko waigowa ba zai yi ba, amma a kunna injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunne yana ihu yana buga kai da bango. Babu abin da ba a ce ba, wasu su ce shafar aljanu, wasu su ce kurma ne, an yi ruƙiyya an yi hayaƙi, Hajiyar maigidana har rubutu take aiko mana a galan. Sai da muka je Asibitin Malam Aminu Kano aka fara gwada kunnensa aka ce lafiya lau yake ji, sannan likitar ƙwaƙwalwar yara ta ce otizim ne, wanda a rediyo ake cewa galahanga. Ta ce ba ƙwayar da za ta warkar da shi, horo ne, kuma gara a fara da wuri. A inda muke na nemi mai koyar da magana har na gaji ban samu ba, shi ya sa Abban Khalifa ya nemi taransifa.

Abu na farko da ya kamata a sani, kar a kama haya kafin a samu gurbi. Mu mun biya kuɗin hayar shekara, muka zo muka cike fom, aka yi masa asesmen, wato gwajin duba yanayinsa, sai aka ce mu jira layi, wata huɗu cur muna zaune a gida ɗaki biyu ba dangi ba kowa, ni da shi da ƙanwarsa.

Amma da aka fara, tsakani da Allah sun san aikinsu. Ranar farko malamar a ƙasa ta zauna kan tabarmar roba, ta sa biskit a cikin kwalba mai murfi wadda yake gani amma ba ya iya buɗewa, ya ja hannunta ya yi kuka ya yi birgima, ni zuciyata kamar ta fito, na miƙe zan buɗe masa ta ɗaga min hannu ta ce Maman Khalifa zauna. Wata malamar ta kama hannunsa ta baya ta ɗora kan kati mai hoton biskit ta miƙa, nan take aka ba shi. Sun maimaita ya fi a ƙirga. Sati na uku da kansa ya ɗauko katin ruwa daga jikin firij ya kawo min kicin, wallahi a wurin na durƙusa ina kuka. Abin da ya fi burge ni ba su korar iyaye, duk Juma'a sai na shiga na yi da hannuna suna gyara min, don awa biyun da yake yi a can ba komai ba ne in gida ba a ci gaba.

Ƙorafina uku ne ko in ce biyu da rabi. Kuɗin zango ɗaya ya haura albashin maigidana na wata biyu, tarafin magana, wato horon koyon magana, daban, na motsa gaɓoɓi daban, ga kuɗin mota kullum ga goslon titin Kubwa da safe, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kowa ya san yadda abin yake. Sannan malamai ba sa zama, uku aka canja masa, biyu sun tafi waje, shi kuwa yaro irin wannan ko kofinsa ka canja sai an kwana ana rigima balle mutum. Rabin kuma shi ne ba mai jin Hausa ko ɗaya a cikinsu, har wata ta ce mu daina yi masa Hausa a gida wai tana rikita shi. Na kira likitarmu ta Kano ta ce kar in yarda, harshe biyu ba ya hana su magana. Kalmarsa ta farko ma "zo" ce.

Makarantar boko kuma wani tashin hankalin ne, duk da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, makarantu biyu sun ce sai mun ɗauko malamar da za ta zauna kusa da shi a aji mu biya ta da kanmu.

In taurari ake bayarwa zan ba su uku da rabi cikin biyar. Mun sabunta haya watan jiya. Hajiya har yanzu tana aiko da rubutun ta hannun direban tasha, ina ba shi ya sha, a kofinsa shuɗi don in ba shi ba ba zai karɓa ba.