Raptor, TRX ko RHO: lissafin da ya kamata a yi kafin a biya

Akwai wasu a-kori-kura da ba don ɗaukar buhuna aka ƙera su ba. An yi su ne don su sheƙa da gudu a kan yashi da tsakuwa, su tsallake rami su dira ba tare da ƙashin bayan direba ya ji a jikinsa ba. Kamfanin Ford ne ya buɗe wannan kasuwa a Amurka da F-150 Raptor ta shekarar 2010, yana kwaikwayon motocin tseren hamadar Baja ta ƙasar Meziko. Sai da aka yi shekara goma sannan ta samu kishiya ta gaske, lokacin da kamfanin Ram ya fito da TRX ta 2021. Ina son motocin nan ƙwarai, shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum ya kalli farashin saye kawai ya yanke shawara, domin kuɗin da za su ci daga baya shi ne babban zance.

Mu fara da abin da ke ƙarƙashin bonet. Raptor ta yau da kullum tana da inji mai silinda 6, girmansa lita 3.5, da turbo biyu, ƙarfin dawaki 450. TRX ta zo da silinda 8, lita 6.2, dawaki 702, kuma tana kai gudun kilomita kusan 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu da rabi, alhali nauyinta ya doshi tan uku. Ford bai yarda a bar shi a baya ba, sai ya fitar da Raptor R ta 2023 mai silinda 8 da dawaki 700, ya ƙara zuwa 720 a ta 2024. Bayan zubin 2024 Ram ya dakatar da TRX, ya kawo RHO ta 2025 mai silinda 6 a jere, lita 3.0, dawaki 540.

Farashin kamfani kuwa, TRX ta fara da kusan dala 70,000, amma kafin a rufe ta sai da ta yi ta hawa, har zubin bankwana ya haura dala 115,000. Raptor R ta shigo da kusan dala 109,000. Raptor mai silinda 6 ta 2024 tana wajen dala 80,000, RHO kuma ta fara da kusan 70,000. Wato RHO ta fi Raptor ƙarfi da dawaki 90 kuma ta fi ta araha, abin da ya sa masu saye da yawa suka tsaya suka sake tunani.

Sai dai farashin da ke jikin takarda daban, wanda dillali zai karɓa daban. Tsakanin 2021 da 2023, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta ya rage yawan motocin da ake ƙerawa, dillalan Amurka sun riƙa ɗora dubban daloli a kan farashin kamfani, musamman a kan Raptor R da ba a yi ta da yawa ba. Wanda ya saya a wannan zafin shi ya fi asara, domin ranar da zai sayar, babu mai biyan sa ƙarin da ya ba dillali. A kasuwar ta-hannu, Raptor ta yi suna wajen riƙe daraja, saboda ta daɗe kuma masu nemanta ba sa ƙarewa. TRX ma tana da nata masoyan, masu son ƙugin silinda 8. RHO sabuwa ce, injinta bai yi shekarun da za a yi masa shaida irin ta na Ford ba, don haka ni dai zan ba wannan nauyi idan niyyata in riƙe mota shekara bakwai ko takwas.

Yanzu ga inda aljihu ke kuka. Bisa awon hukumar muhalli ta Amurka, TRX da Raptor R suna yin mil 12 da galan ɗaya idan an haɗa cikin gari da babbar hanya. A namu lissafin, kusan lita 20 ke nan a kowane kilomita 100. Raptor mai silinda 6 a kan taya inci 35 tana shan kusan lita 15, RHO kuma ta ɗan ɗara haka kaɗan. Ka ɗauka kana yin kilomita 20,000 a shekara: mai silinda 8 zai ƙona kusan lita 3,900, mai Raptor kusan 2,900. Bambancin lita dubu ne duk shekara, kuma wannan idan ƙafarka mai sanyi ce. Wanda ya sayi dawaki 700 ba kasafai yake lallaɓa totur ba, kuma a cikin yashi shan ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga shi masu silinda 8 ɗin fetur mai daraja ta sama suke buƙata, wanda ya fi tsada. Tankin Raptor lita 136 ne, na TRX lita 125, saboda haka duk da girman tankin, tazarar da TRX za ta yi kafin ta nemi gidan mai ba ta kai ta Raptor ba.

Taya ma ba wasa ba ce. Inci 35 ko 37 ce, mai manyan haƙora, nauyin motar da ƙarfin injin suna cinye ta da wuri, kuma galibi ana canja huɗun tare saboda motoci ne masu ja da ƙafa huɗu. Shokozoban su ne ainihin abin da ka biya kuɗi a kai, na kamfanin Fox a Ford, na Bilstein a Ram, kwamfuta ce ke daidaita su, kuma idan sun gaji gyaransu ko canjinsu na ƙwararru ne. Inshora ta fi ta a-kori-kurar gama-gari. Wani abin da ake mantawa: tun 2017 bodin Raptor na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma idan aka buge shi ba kowane mai gyaran bodi ke iya miƙe shi ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ɗaukar kaya. Saboda laushin ƙafafunsu, Raptor ba ta wuce kilo 630 da 'yan kai, TRX kuma ƙasa da 600, har da nauyin mutanen da ke ciki. Mutum huɗu da 'yan jakunkuna sun cinye fiye da rabi. Mai neman motar gona ko ta aikin gini ya sayi F-150 ko Ram ta yau da kullum, zai biya ƙasa kuma ya ɗauki fiye. Faɗinsu kuma ya kai mita 2.2 ba tare da madubi ba, a auna ƙofar gareji tukuna.

A ganina, yawancin masu sha'awa ƙananan motocin wannan nau'in ne suka dace da su. Ford Ranger Raptor ta 2024 a Amurka tana da silinda 6, lita 3.0, dawaki 405, farashi wajen dala 57,000, tana shan kusan lita 14, kuma tana shiga lungun da manyan ba sa shiga. Chevrolet Colorado ZR2 mai dawaki 310 ta fi ta araha, kuma ta fi ƙwarewa a hawan duwatsu sannu a hankali. Toyota Tacoma TRD Pro mai haɗin fetur da lantarki, dawaki 326, ta haura dala 60,000, tsadar sunan Toyota ce, sai dai sunan kan dawo maka da wani abu ranar sayarwa.

Wanda zai yo odar ɗaya zuwa Najeriya ko Nijar yana da ƙarin lissafi bayan kuɗin jirgi da na kwastan. Gidajen manmu galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, kuma tun da aka cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023, lita 20 a kilomita 100 ba ƙaramin nauyi ba ne. Kayan gyaran Hilux suna ko'ina, na TRX kuwa sai an jira su daga waje, ga neman bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutarta. A yi hattara da masu dizal na Amurka irin Silverado ZR2, domin matatar hayaƙinsu tana son man da sinadarin sulfa ya yi ƙaranci sosai a cikinsa. Idan kuma daga gwanjon motocin haɗari za a ɗauko, a bincika lambar shasi, a sa wanda ya sani ya leƙa ƙarƙashi, domin motar da aka yi tsalle da ita takan ɓoye lanƙwasar shasi a bayan fenti mai sheƙi.

Da ni ne da kuɗin a hannu, Ranger Raptor zan ɗauka, ko F-150 Raptor mai silinda 6 idan iyali da doguwar tafiya sun sa ina buƙatar fili. TRX da Raptor R na wanda ke da wata motar ta zirga-zirga ne, yana da filin da zai sake su, kuma ya riga ya ware kuɗin lita dubu huɗu na shekara.