Kafin ka zuba kuɗi a kan baiwarka: shagon maigida, NDE, foliteknik ko waya?

Ɗan yayata ya yi shekara biyu zaune a gida a Jega bayan ya gama sakandare, ana ta cewa ba shi da abin yi. Amma duk unguwar, in tocila ko fanka mai caji ta mutu, wurinsa ake kawowa, ya kwance ya gyara ba ko sisi. Babu wanda ya taɓa kiran wannan baiwa, har shi kansa. Yawanci haka take ɓuya: abin da mutane ke yawan roƙonka ka yi musu, kai kuma kana ganin ba komai ba ne. Da muka farga, sai tambaya ta koma ina za a kai shi, don kuɗin da iyayensa suka tara ba za su isa a gwada sau biyu ba. Ga abin da na auna, ko zai amfani wani.

Na fara da shagon maigida, kuma a nan na fi daɗewa ina bincike. Shi ne mafi arha, kuma shi ne ke saurin nuna maka gaskiyar hannunka. Cikin 'yan watanni za ka san ko sha'awa ce kawai ko baiwa, domin kullum kayan mutane kake taɓawa, mai kaya kuma yana tsaye a kanka. Kana koyon abin da ba a rubuta shi a allo: yadda ake yanke farashi, inda ake sayo kayan gyara, yadda ake ba wanda ya fusata haƙuri. Matsalarsa ita ce duk iliminka iyakarsa ilimin maigidanka. Wani zai mayar da yaro ɗan aike, sayo abinci da share shago, shekara ta wuce bai riƙe abin aiki ba. Saboda haka kar a yi cinikin biri a sama. Je ka zauna a shagon yini guda, ka ga ko yaran suna aiki da hannunsu ko kallo suke yi. Tambayi mutum nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. A yi magana gaban shaidu kan tsawon zama da abin da za a biya ranar yaye. Maigidan da ya ƙi wannan magana, ni ban yarda da shi ba.

Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da ofis a Birnin Kebbi, kuma tsarinta na koyon sana'a shi ma wurin masu sana'a take tura matasa. Ba ka biyan kuɗin koyo, ga takardar shaida a ƙarshe. Sai dai gurbi kaɗan ne, lokacin ɗauka ba a hannunka yake ba, zaman kuma gajere ne. Ka cike fom in an buɗe, amma kar ka naɗe hannu kana jira.

Foliteknik kuwa wani ciniki ne daban. A Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, difloma ta ƙasa shekara biyu ce, sai ka ci JAMB, da kiredit ɗin da ake buƙata a jarrabawar gama sakandare. Ga kuɗin makaranta, ga na masauki da abinci ga wanda ya fito daga Yauri ko Zuru. Abin da kake saya a nan shi ne sanin dalili: me ya sa wannan wayar wuta ke ɗaukar zafi, yaya ake lissafin batir nawa gida ke buƙata kafin a haɗa masa sola. Mai burin aiki a kamfanonin shinkafa irin WACOT na Argungu ko Labana, takardar za ta buɗe masa ƙofa. Amma ban ga hikimar a sayar da gona a kai yaron da bai taɓa gwada hannunsa ba.

Waya da YouTube ƙari ne, ba gida ba. Suna cin data, yawancin darussan da Turanci suke, kuma babu mai riƙe hannunka in ka yi kuskure. Ga mai son aikin kwamfuta, shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ya cancanci a duba.

Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya koya a shago ma yana iya samun takardar gwamnati ta hanyar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya. Wannan ne ya sa muka tsayar da shawara. Na ce wa yayata, "Yaya, a bar kuɗin nan a ajiye tukuna." Mun kai shi wurin wani mai haɗa sola da gyaran injin ban ruwa, aikin da manoman shinkafar fadama ba sa rabuwa da nemansa a rani. Mun yi da maigidan za mu sake zama bayan wata shida, a lokacin ne za a duba ko kuɗin za su tafi fom ɗin JAMB ko sayen kayan aiki.